Bakwainina da gwajin ido

Yau likitan ido ya sallame mu, alhamdulillahi. 'Yata ta zo duniya a mako na 29, nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Ni duk hankalina na kan numfashinta, ido bai taɓa faɗo mini a rai ba.

Ashe jijiyoyin jinin da ke can bayan ido ba sa gama tsirowa sai ciki ya kusa cika wata tara. Idan haihuwa ta zo da wuri, suna iya tsirowa a karkace, har su ɓamɓaro tantanin gani. Abin da ya fi girgiza ni shi ne batun oksijin. Iskar da ta riƙe ranta a kwalba, ita ce kuma ke ƙara haɗarin idan aka bari ta wuce kima. Ga cutar da ta shiga jininta, ga ƙarin jini sau biyu, duk suna cikin lissafi.

A waje kuwa idon garau yake. Tana da wata guda aka fara dubawa. Ranar ta tsala kuka, ni ma na taya ta a bakin ƙofa.