Jujin da ya koma lambu a Alƙahira

Rakiyar yayana ganin likita ce ta kai ni Masar, amma wallahi tun da na dawo ba labarin da nake ba mutane sai na wani lambu, Hadiƙatul Azhar. Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a can ne ya ja ni, ya ce Yaya in ba ka je nan ba ba ka ga Alƙahira ba. Mai tasi ya ga baƙi ya tsuga mana kuɗi, yaron ya balbale shi da larabcinsu na kasuwa sai ga mutumin ya dawo rabi yana ta dariya yana ya basha ya basha.

Ana biyan kuɗin shiga, na ɗan yi tsaki, ina shiga na yi shiru. Ciyawa shar, ruwa na gudu a 'yan kwatoci na dutse, itatuwan dabino a jere, daga kan tudu kana hango Ƙal'a, wato tsohuwar fadar sarakunan Masar mai ganuwa, da masallacin Muhammad Ali da hasumiyoyi ba iyaka. Wai nan wurin juji ne, kusan shekara 500 ana zubar da shara da ɓaraguzai har ya zama tsauni. Aga Khan, shugaban 'yan Shi'a Isma'iliyya na lokacin, shi ne ya yi alƙawarin lambun a 1984, aka buɗe a 2005, wajen hekta 30, kuma a ƙarƙashinsa akwai manyan tankunan ruwa guda 3 na gari. Garin kwashe sharar ma suka tono ganuwar zamanin Salahuddin da ta binne, suka gyara ta tsaf. Nan raina ya ɓaci da na tuna badalar Kano da muke yankawa muna gina shaguna, su tasu tono ta suke daga juji mu tamu a tsaye take muna cinyewa.

Abincin ciki kam tsada, ko tambaya ban sake ba. Wata dattijuwa da jikokinta sun shimfiɗa mayafi a ciyawa, ta ga muna zaune haka ta aiko yaro da mahshi, ganyen kabeji ne aka naɗe shinkafa a ciki, da shayi mai uban sukari, na ce na ƙoshi ta ce sam. Muna ci aka kira magariba, masallatai ta ko'ina a lokaci guda.

Washegari sai kasuwar Khan Khalili, na sayo jallabiyya da turare, ina zargin an cuce ni a turaren. Sai filin jirgi, kaya suka yi kiba aka caje mu.