Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mai Ba da Dariya da Maganar Ajiya

A makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a wani sito na kayan gini a Pacoima, cikin kwarin San Fernando da ke arewacin Los Angeles, na kuma yi alkawarin ba da labarin yadda na koyi tuƙa motar ɗaga kaya. Wannan labari zai jira. An sanar da ni cewa ɗan Baffa na biyu yana bin wannan rubutu yana kai ƙorafi gidajen dangi, kuma tun da na ji haka maganar mahaifinsa ta hana ni sakat. Ba kuwa zan iya kawo maganar Baffa ba sai na haɗa da George Lopez, ɗan wasan barkwancin nan jinin Meziko, wanda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba.

Waɗanda suka san gidanmu sun san abin da ya faru a zaure ranar da aka kai rahoto cewa an gan ni a kasuwa ina bin 'yan kama, ina yi musu amshi suna kwaikwayon wa'azi da sunayen tuwo da fura. Baffa bai ɗaga murya ba, bai kuma aika a ɗauko dorina ba. Ya ci gaba da jan carbinsa, ya dubi Yaya maimakon ya dube ni, ya ce: "Mai ba da dariya ba a ba shi ajiya." Kafin la'asar an karɓe makullin shagon marigayi mahaifinmu daga hannuna an damƙa wa ɗan Baffa.

Muryar Lopez na fara ji kafin in ga fuskarsa. Akwai wani dattijo ɗan Meziko da muke aiki tare, wanda nake kira Baba duk da ya sha cewa in daina tsofar da shi. Lokacin hutun rana yakan buɗe ƙofofin a-kori-kurarsa, ya shimfiɗa wainar masararsu a kan murfin inji don ta yi ɗumi, ya saka faifai. Rabin maganar Turanci ce, rabi Sifaniyanci, kuma ƙarti masu ɗaukar buhun siminti sukan yi dariya har su riƙe ciki. Da Baba ya fassara mini, sai na ji ashe mutumin kakarsa yake kwaikwayo, yadda take tsare yaro mai kuka da tambayar dalilin kukansa, da yadda ba ta taɓa yaba masa a kan komai ba. Ni dai ban yi dariya ba a ranar, domin na san irin gidan da ake magana.

An haifi Lopez a 1961 a Mission Hills, unguwar da ke maƙwabtaka da wurin aikinmu. Mahaifinsa ya tafi ya bar shi yana jariri ɗan wata biyu, mahaifiyarsa ta tafi yana ɗan shekara goma, sai ya tashi a hannun kakarsa Benita, ma'aikaciyar masana'anta, da mijinta wanda leburan gini ne. Ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ba a taɓa yi masa bikin zagayowar ranar haihuwa ba, abin da a Amurka yara suke ɗauka da girma. Abin da ya buɗe masa ido shi ne ganin Freddie Prinze a talabijin, wani matashin ɗan barkwanci ɗan New York da mahaifiyarsa 'yar Puerto Rico ce, wanda ya yi suna a tashar NBC tun daga 1974, ya kuma harbe kansa a Janairun 1977 yana da shekara 22. Yaro marar uba ya ga mai kama da shi yana ba Amurka duka dariya, ya ƙudurta cewa shi ma abin da zai yi ke nan. A 1979 ya gama sakandaren San Fernando, a shekarar kuma ya fara hawa dandamali.

Abin da ya fi ba ni haushi idan na tuna shi ne babu wanda ya hana shi. Kakarsa ba ta ƙarfafa masa gwiwa ba, amma ba ta tara dattawa a kansa ba. Ya shafe shekaru sama da ashirin yana yawo ƙananan gidajen wasa, wani dare a yi dariya, wani dare a yi masa shiru, yana neman abin da zai bambanta shi da sauran, har ya gane cewa jarinsa shi ne abin da yake jin kunyarsa, wato gidan da ya fito. A wurinmu wannan tonon asirin gida ne, kuma na tabbata da Baffa ya ji shi da ya ce ga hujjarsa.

To amma an ba shi ajiya. Tauraruwar fim Sandra Bullock ce ta je ta kalli wasansa, tana neman wanda za a gina wa shirin talabijin a kan iyalin 'yan Latino, wato masu asali daga Meziko da sauran ƙasashen Latin Amurka, domin a lokacin da wuya a ga irin wannan iyali a manyan tashoshin Amurka. A Maris 2002 tashar ABC ta fara nuna shirin da ke ɗauke da sunansa, aka yi zango shida da kashi 120 har zuwa 2007, kuma uwar da ke cikin shirin, mai kaifin harshe da ba ta san rarrashi ba, daga kakarsa aka samo ta. A wancan lokaci ina zaune a ɗaki guda da wasu 'yan Nijar biyu, ni kaɗai nake kallon shirin, ina aika kuɗin ginin gidana duk wata ta hannun ɗan Baffa, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa a waje ba tun muna yara. Goggo tana raye, a tambaye ta ko bulo nawa ta gani a filin.

A Disambar 2004 aka sa wa Freddie Prinze tauraro a titin girmamawa na Hollywood, kuma Lopez na kan gaba wajen ganin an yi hakan, shekara ɗaya da 'yan watanni kafin a sa nasa. Wannan a ganina riƙon amana ne ga mamacin da bai ma san da zamansa ba.

Sai dai akwai inda maganar Baffa take tsaya mini a wuya, kuma ba zan ɓoye ba don ina son mutumin. Lopez yana da ciwon ƙoda da aka haife shi da sanadinsa, kuma a Afrilun 2005 matarsa Ann Serrano, wadda ya aura a 1993, ta ba shi ƙodarta guda. Babu ajiyar da ta kai wannan nauyi. A 2011 aurensu ya mutu, a shekarar kuma tashar TBS ta soke shirinsa na hira da dare da ya fara a 2009, bayan an matsar da shi zuwa ƙarfe goma sha biyun dare don a ba wani mai shirin hira, Conan O'Brien, lokacinsa. Da labarin rabuwar ya fito, Baba ya cire faifan daga mota ya ce matarsa ta hana a sake jin muryar a gidansu. Na yi kwanaki ina jin Baffa a kunnena yana jan carbi. Abin da na riƙe shi ne mutuwar aure ba ta da sana'a, domin a gidanmu na malamai ma an yi saki uku a shekara guda, babu ɗan kama ko ɗaya a cikin masu sakin.

'Yarsa Mayan ta yi shekaru ba ta yi masa magana, daga baya suka shirya, kuma a 2022 tashar NBC ta fara nuna wani shiri da uba da 'yar suka fito tare suna wasa da wannan gabar tasu. Na kalli kashi na farko tare da ɗana na tsakiya, wanda malamansa suke ƙorafin yana kwaikwayon su a aji har darasi ya tsaya. Uwarsa ta ce in tsawata masa. Na kira shi na ce ya kwaikwayi yadda nake amsa waya idan an bugo daga gida ana neman kuɗi, ya yi daidai har da gyaran murya da "to, Allah ya hore", sannan na ba shi makullin motata ya je ya ɗauko ƙannensa daga islamiyya.

Ɗan Baffa ya ce a gaya mini in daina ambaton mahaifinsa tun da ƙasa ta rufe masa ido. Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe mana baki ɗaya. Takardun kuɗin da na aika daga 2002 zuwa 2008 suna nan a jakata ba wadda ta ɓata, kuma da su zan fara kashi na mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.