Dapper, yabon namijin da ya iya shiga

Cikin kalmomin da Turawa ke yabon sutura da su, babu wadda ta kwanta min a rai kamar dapper. Idan aka ce namiji dapper ne, to ya fito tsaf ke nan: riga ta sha guga, kwalarta a miƙe, kafaɗar kwat ta zauna daidai kan kafaɗarsa, hannun rigar ciki ya ɗan leƙo kaɗan, takalmi ya sha gogewa, gashi da gemu a gyare. Wani ma har da ɗan hankici a aljihun ƙirji. Galibi maza ake faɗa wa. Mace kan samu chic ko elegant, sai dai yanzu wadda ta sa kwat da wando ita ma akan ce mata dapper.

Kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 15, daga bakin mutanen Holan da arewacin Jamus, inda take nufin mai ƙarfi da kuzari. Har gobe a Holan dapper jarumi ne, kuma 'yar uwarta ta Jamusanci, tapfer, ma'anarta ke nan. Ingilishi ya karkatar da ita zuwa tufafi, amma kuzarin bai bar ta ba. Shi ya sa ake yawan laƙaba ta ga dattijo ɗan madaidaici, mai kazar-kazar, wanda shekaru ba su sa ya saki jikinsa ba. Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni.

Abin da ke damuna shi ne yadda masu koyon Turanci ke jefa ta ga duk wanda ya sa kaya masu tsada. Mutum zai lafta sarƙa da agogon zinare, wando yana sharar ƙasa, riga ta yi masa burum-burum, a ce wai dapper. A'a, wannan flashy ake ce masa, mai ƙyale-ƙyale. Wanda ke da kwat ɗaya tal, amma tela ya rage masa ita daidai jikinsa kuma yana kula da ita, ya fi shi cancantar kalmar nesa ba kusa ba.

Kuma ba ta shaidar hali. John Gotti, shugaban gungun masu aikata manyan laifuka na Gambino a birnin New York, jaridun Amurka Dapper Don suke kiransa saboda kwat-kwat ɗinsa, har aka yanke masa ɗaurin rai da rai a 1992.

Wajen furuci, Turawan Ingila kan haɗiye harafin r na ƙarshe, Amurkawa kuwa su fito da shi. Kalmar tana da ɗan ƙamshin zamanin da, cike da ladabi, don haka kana iya ce wa ango ko maigidanka a wurin aiki "You look dapper" ba tare da an ga ka zaƙe ba.