Ƙarfen ya iya, motar ce ba ta iya ba

Ni ɗan gareji ne, ko kuwa haka na ɗauki kaina. Duk hutun makaranta a wajen kawuna nake yinsa, a garejinsa da ke kusa da Ƙofar Ruwa a Kano, ina miƙa sifana, ina wanke noti a cikin fetur, ina shan rankwashi. A can na koyi cewa babu ƙarfen da ya fi ƙarfin guduma da wutar walda. Idan rami bai dace ba a huda wani, idan ƙarfe ya ƙi zama a ɗana masa wuta. Wannan karatun ya yi mini rana shekaru da yawa, sannan ya kusa kai ni ya baro a wani gareji mai sanyi a Kolombus ta jihar Ohayo, inda nake zaune yanzu da iyalina.

A 2022, lokacin da galan ɗin fetur ya haura dala 5 a Amurka, na sayi Chevrolet Bolt ta hannu, ƙirar 2020. Ƙaramar mota ce mai batir na kilowat-awa 66, wadda aka ƙiyasta tana cin mil 259 a caji ɗaya, wato kusan kilomita 417. Ta yi mini komai sai abu ɗaya: but ɗinta ba ya ɗaukar kayan Bahaushe mai 'ya'ya uku. Sai na ce bari in ɗaura mata ƙugiyar ja a baya, irin ƙarfen nan mai baki murabba'i da ake soka marikin kekuna a ciki, ko a maƙala ƙaramar tirela. Da na ce tirela kada ranku ya tafi kan ta Kano zuwa Legas. Amalanke ce mai taya biyu da ƙaramar mota ke ja.

Ƙannena, kuskuren da ya fi kowanne girma na yi shi ne tun kafin in taɓa sifana, ina kishingiɗe a kujera da waya a hannu. Na ga ƙugiya an rubuta ta dace da motata, an kuma rubuta tana jan fam 2,000, bakinta yana ɗaukar fam 200. Na yi lissafi a kai: fam 2,000 ya haura kilo 900, ai ko buhun shinkafa goma sha biyar zan ja. Na biya. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, wannan lambar ta wa ce? Ta ƙarfen ce. Maƙerin ƙarfen yana gaya maka abin da ƙarfensa zai jure kafin ya lanƙwashe. Bai ce komai ba game da birkin motarka, ko shasinta, ko zafin da injin lantarkinta zai ɗauka a kan tudu. Wannan maganar tana cikin littafin da ke kwance a aljihun gaban mota, wanda ban taɓa buɗewa ba, kuma a cikinsa masu motar sun faɗa ƙarara cewa ba a yi ta don jan tirela ba. Lambar ƙarfe 2,000, lambar mota sifili, kuma kullum ƙaramar ce ke da iko.

Ba duk motocin lantarki ne haka ba. Tesla Model Y mai kayan ja na kamfani an yarda mata fam 3,500. Ford F-150 Lightning tana kaiwa fam 10,000, Rivian R1T kuma 11,000. Waɗannan tun daga masana'anta aka shirya su, har kwamfutarsu ta san an maƙala kaya a baya ta canza yadda take riƙe motar. Tawa ba ta san komai ba. Wanda ke Turai kuma ya sani, a can ba ma maganar ra'ayi ba ce: idan takardun mota ba su nuna nauyin da aka amince ta ja ba, doka ba ta ba ka damar ja ba.

Akwai kuma wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba, mai faɗin jimillar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Duk abin da ya danna kan ƙugiya daga cikin wannan jimillar ake cire shi. Ni da uwargida da yara da jakunkuna mun riga mun cinye mafi yawanta.

To, kaya ya iso a watan Fabrairu. Na ƙi jiran bazara. Irin ƙugiyar da na saya sai an cire bamba ta baya, kuma bambar motocin zamani da 'yan maɓallan roba aka kama ta. Roba a sanyin Ohayo kamar ƙanzo take, da ka taɓa sai ta karye. Na karya guda bakwai a cikin minti goma, na kuma finciko bambar ban cire wayar da ke bayanta ba. Wannan asarar 'yan daloli ce da ɓacin rai, ba zan tsaya a kanta ba. Ku jira ranar ɗumi, ku sayi maɓallan canji tun kafin ku fara, ku ɗauki hoton komai da waya kafin ku kwance shi.

Inda nake so mu tsaya shi ne jak. A garejin kawu, duk inda ka ga ƙarfe mai faɗi a ƙasan mota nan kake kafa jak. Na durƙusa, na leƙa, na ga wani faffaɗan ƙarfe shimfiɗe sumul daga gaba har kusan tayoyin baya, na ce kai, Turawa sun iya sauƙaƙa wa bakanike aiki. Na tura jak ƙarƙashinsa na fara bugawa. Bugu uku na yi sai maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin wutar lantarki, ya leƙo daga shinge ya daka mini tsawa irin wadda rabon da in ji ta tun ina yaron gareji. Wannan faffaɗan ƙarfen shi ne akwatin batir. Nauyinsa ya wuce kilo 400, a cikinsa akwai wuta mai ƙarfin kusan bolt 350, da ruwan sanyaya da ke zagayawa. Idan ya lotsa ya matse abin da ke ciki, ba lalle ya nuna maka a ranar ba. Batirin lithiyam da ya ji rauni yana iya kama wuta daga baya, kuma wutarsa tana da wuyar kashewa. Motar kuwa a ƙarƙashin ɗakin da yarana ke kwana take.

Allah Ya rufa asiri, ƙarzuwa kawai ya yi. Amma sai da na biya aka duba shi, kuma kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Kowace mota tana da wuraren kafa jak guda huɗu a gefe, an zana su a littafin nan dai da na ƙi karantawa. Gara ma ka hau da tayoyin baya kan tudun hawa na gareji, ka tokare na gaba. Kuma ko a ina ka kafa jak, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai ka sa ƙafafun ƙarfe. Motar nan ƙarama ce a ido, amma ta wuce kilo 1,600.

Da na zo ɗaura ƙarfen, na ɗaure gefen dama tamau, sai ramin hagu ya ƙi haɗuwa da ɗan abin da bai kai faɗin farce ba. Hannuna da kansa ya tafi wajen na'urar huda. Dattijon nan, wanda yanzu ya jawo kujera ya zauna yana gadina, ya ce in sassauta dama tukuna. Na sassauta, hagu ta faɗa wurinta ba gardama. Ana sa duk notunan ne da hannu, sakwa-sakwa, sai kowa ya zauna sannan a bi su da ɗauri. Ɗaurin ma ba na “sai ya yi kuka” ba ne irin namu. Takardar da ta zo da ƙarfen tana faɗin ma'aunin ɗaurin kowane noti, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙas idan an kai. Ya aro mini tasa. Bayan tafiyar mako guda na sake bin su, na sami biyu sun ɗan saki.

Ku riƙe wannan, musamman ku da ke koyon gyaran mota a gida, tunda motocin da ake saukewa a Kwatano da Legas daga nan ake kwaso da yawansu, kuma masu lantarki sun fara shiga cikinsu: a kan irin wannan motar ba a huda inda ba a ce a huda ba, ba a kuma kusantar ta da wutar walda. Duk wayar da kuka ga an rufe ta da ruwan lemo, wannan launin gargaɗi ne na babbar wuta. Ba a yanka ta, ba a ja ta, ba a rataya mata komai.

Na faɗi haka ne don na rataya mata. Tirela tana bukatar fitilu, kuma filogin da aka fi amfani da shi a nan mai waya huɗu ne: kore na siginar dama, rawaya na hagu, ruwan ƙasa na fitilar dare, fari na ƙasa, wato wanda ake haɗawa da ƙarfen jikin mota. Da farko na yi irin ta gida, na fere wayar fitilar baya na murɗa tawa a kai na naɗe da salatif. Sigina ta fara ƙyaftawa kamar mai zazzaɓi, allon gaba ya cika da gargaɗi. Fitilun motar ƙananan ci ne, kwamfuta ce ke auna wutar da kowace ke sha, da ta ji an ƙara mata baki sai ta ɗauka wani abu ya lalace. Maganin shi ne wani ɗan akwati da ke karanta sigina kawai daga fitilun, ya ɗebo wutar tirela kai tsaye daga ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 12, da fis nasa. E, motar lantarki ma tana da ƙaramin batir irin na kowace mota, kuma a tawa yana gaba ƙarƙashin bonet. Ke nan sai an ja waya tun daga baya har gaba. Da na iso gaba ina neman abin da zan ɗaure ta a jiki don kada ta yi lilo, sai ga wata kakkaurar waya mai kyau, ruwan lemo. Na ɗaure. Washegari dattijo ya gani, bai ce uffan ba, ya miƙo mini filaya. Shirun nan ya fi tsawar jiya zafi. Waya biyu da ke gugar juna a mota mai tafiya, wata rana ɗaya za ta cinye rigar ɗaya.

Kafin duk aikin waya: a kashe motar, a zare ta daga caji, a kai makullin can cikin gida, a cire kan ƙaramin batir mai alamar ragi (-). Motar lantarki ba ta da ƙarar da za ta gaya maka a kunne take.

Da a nan na tsaya, na soka marikin kekuna na ci gaba da rayuwata, da labarin ya ƙare lafiya. Amma a watan Maris ƙanin matata ya sami aiki a Sinsinati, yana da firji da katifa da 'yan akwatuna. Na ce wa zai biya motar haya ga ƙugiya a gida? Uwargida ta ce, “Baban yara, ba kai ka ce littafin ya hana ba?” Na ce mata Turawa ne da tsoro. Na aro tirelar wani abokina.

Daga Kolombus zuwa Sinsinati a kan babbar hanya ta 71 bai fi mil 110 ba, motar da ke cin 259 kuwa ai ko a jikinta. Haka na lissafa. Abin da ban lissafa ba shi ne iska. Na tsayar da firjin a tsaye, na jingina katifar a jikinsa, na gina bango a bayan motar da aka ƙera don ta ratsa iska kamar kifi. Turjiyar iska kuwa ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: ka ninka gudu, ta ninku huɗu. Ga sanyi, ga na'urar ɗumama ciki tana shan nata rabon daga batir ɗaya. A ranakun ɗumi nakan sami kusan mil 4 a kowane kilowat-awa. Ranar nan allon ya tsaya a wajen 2. Ina kallo lambar sauran tafiya tana zubewa, kowane mil ɗaya a ƙasa tana cire biyu.

Kayan ma ban jera su daidai ba. Ƙa'ida ita ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya danna kan ƙugiya, wato mai nauyi ya zauna ɗan gaban tayoyi. Ni na tura firjin can baya don ƙofa ta rufu. Da wata babbar mota ta wuce mu, sai tirelar ta fara kaɗa wutsiya, motar tana binta. Surukina ya kama salati. Abin da ya cece mu shi ne ban taka birki da ƙarfi ba, na riƙe sitiyari a miƙe na bar gudun ya sauka a hankali. Muka tsaya a gefen hanya, motoci na wucewa da iska mai yanka kunne, muka sake jera kaya da hannuwan da ba sa jin komai.

Muka lallaɓa a mil 55 a awa zuwa wurin caji. A nan na gano na ƙarshe: wuraren cajin kamar wurin ajiye mota aka yi su, ka shiga da kai, kuma da tirela a baya ka tare hanya. Sai da muka kwance ta, muka tura ta gefe da hannu, muka yi caji, muka sake maƙalawa, muka gicciya sarƙoƙin tsaro a ƙarƙashi, muka gwada fitilu. Motar kuma ba ta karɓar caji sama da kilowat 55 ko da injin cajin ya fi haka, a sanyi ma ba ta kaiwa. Tafiyar awa biyu ta ci mana biyar.

A zaman jiran nan na yi lissafin da ya kamata in yi a kujerata tun farko. Batirin yana da garanti na shekara 8 ko mil 100,000. Akwai dokar garanti ta 1975 a Amurka da ta hana kamfani soke maka garanti don kawai ka sa kayan da ba nasa ba, amma ba ta tilasta masa gyara ɓarnar da kayanka ko gangancinka suka jawo ba. Da wani abu ya ƙone a ranar, littafinsu za su buɗe mini, shafin da matata ta tuna mini. Da kuma tirelar ta kwace ta bugi wani, da kamfanin inshora ma shafin zai nema.

Ƙugiyar tana nan har yau, ban cire ta ba. Kekunan yara biyu take ɗauka, wani lokaci da faifan kaya idan za mu yi nisa, kuma nakan auna su a sikelin banɗaki kafin in ɗora, har da nauyin marikin kansa, domin kayan da ya yi nisa da bamba ya fi danna ƙarfen. Duk ƙarshen hunturu ina shiga ƙasa in wanke gishirin da ake zuba wa titi, in duba tsatsa, in bi notunan da sifana mai awo, wadda yanzu tawa ce. Da surukina ya tashi dawowa Kolombus bara, motar haya muka ɗauko, firjin kuma a ciki ya zauna, ɗaure da igiya biyu.