"Da sauƙi" ba rahoto ba ne

Mu Hausawa, idan aka tambaye mu jikin mara lafiya, amsarmu ɗaya ce: da sauƙi. Ko da ƙyar yake jan numfashi, da sauƙi. Haka na taso na ji ana faɗa a gidanmu, kuma ban ga aibinsa ba, kyautata zato ne ga Ubangiji. Amma shekarata bakwai ke nan ina aikin jinya a sashen kulawa ta musamman, wanda 'yan gari ke ce wa ɗakin gobe da nisa (sunan nan yana ƙona min rai, don na ga da yawa sun fita daga cikinsa da ƙafafunsu), kuma a can kalmar nan ta taɓa kusan ja mana asarar rai.

Watana huɗu da zuwa sashen, ina aikin dare. Aka ba ni gado na uku, wani dattijo da ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa. Na'ura ce ke yi masa numfashi, ga kuma famfon sirinji yana tura masa noradrenaline, maganin da ke riƙe jini kada ya faɗi. Wadda zan karɓa a hannunta tun safe take tsaye, domin mai canjinta ta rana ba ta zo ba. Na ce, "Anti, yaya jikin Baba?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi. Komai yana cikin fayil." Ta ɗauki jakarta.

Wallahi na ga sirinjin ya yi ƙasa. Bakina ya yi nauyi. Ta girme ni a aiki da shekara goma, ga idonta ya yi ja, sai na ga kamar rashin kunya ne in tsare ta da tambaya. Ashe da la'asar an ƙara gudun maganin har sau biyu, ba a kuma haɗa wani sirinjin an ajiye ba. Shi kuwa noradrenaline ba ya jira, da an tsaya, cikin 'yan mintoci ƙarfinsa ya bar jiki. Famfo ya fara ƙara, na ruga haɗa sabo hannuna na rawa, kafin in dawo jinin Baba ya sauko daga 110 zuwa sittin da wani abu. Allah Ya sa da sauran kwana, likita ya iso, muka daidaita shi.

Da safe Sista shugabar sashe ta kira mu biyu ɗakin shayi. Na riga na saddaƙar takardar tuhuma za ta miƙo min. Sai ta zuba mana shayi, ta ciro wata 'yar takarda mai tambayoyi huɗu: wane hali mara lafiya yake ciki yanzu, me ya kawo shi kuma me aka yi masa, me kike gani da idonki, me kike so a yi. Tsarin da ake kira SBAR ke nan. Asalinsa daga sojojin ruwan Amurka ne, asibitocin Kaiser Permanente suka ɗauko shi a farkon shekarun 2000, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da shi wajen miƙa aiki a 2007. Sista ta ƙara tambaya ta biyar da bironta, kuma a ganina ta fi duka amfani: me kike tsoro a kan wannan mara lafiyar yau? Daga ranar, a bakin gado ake miƙa aiki, mutum biyu, ana bin kowace igiyar ruwa da yatsa tun daga hannu har zuwa famfo.

Takardar ta gyara min kiran likita ma. A da, ƙarfe uku na dare sai in fara da "Likita, don Allah ka yi haƙuri na tashe ka, dama Baba ne na ga kamar..." Kafin in kai ga zancen barci ya sake ɗauke shi. Yanzu sallama kawai, sai gado uku, jini 80 bisa 40, fitsari bai kai mililita 20 a awa ba, ina so ka zo yanzu.

'Yan'uwan mara lafiya sun fi wahala. Ɗan Baba kullum yana kan benci da kwanon abincin da babu mai ci. Idan na ce masa da sauƙi, zai buga waya ƙauye ya ce an kusa sallama. Sai na koyi cewa, "Malam, har yanzu na'ura ce ke yi masa numfashi, yau kuma ya fi jiya buƙatar magani. A ci gaba da addu'a." Ya tambaye ni me ya sa mahaifinsa ba ya magana ko ya buɗe ido, na nuna masa a wuyana inda bututun ke ratsawa ta maƙogwaro, wurin da murya ke fita. Na ce ya riƙa yi masa magana a kunne, mu ma haka muke yi kafin mu juya shi duk bayan awa biyu.

Akwai wata amsar da muka saba: ina gajiya? Ba gajiya. A ƙa'ida mara lafiyar da ke kan na'urar numfashi nas guda ake ba shi shi kaɗai. Mu akwai daren da mu biyu ne a kan gado biyar, ga abokan aiki suna ta tafiya Ingila da Saudiyya, ban kuma ga laifinsu ba. A ɗakin shayin nan ne Antin da ta miƙa min Baba a daren nan ta fashe da kuka, ta ce ranar ko ruwa ba ta sa a cikinta ba, la'asar sai bayan magariba ta yi ta. Babu wanda ya sani, don duk wanda ya gaishe ta, ba gajiya ta ce. Sista ba ta da ikon ɗaukar ma'aikata, abin da ke hannunta ta yi: ba mai haɗa aikin safe da na rana sai da saninta, kowa rabin awa na abinci da sallah ko da ita ce za ta tsaya a madadinsa, kuma duk ranar da aka yi rasuwa sai mun zauna minti biyar kafin a sake shimfiɗa gadon. Wani lokacin ba mai cewa uffan, shayi kawai ake sha.

Makon jiya na fito aikin dare a gajiye liƙis, ga wata sabuwar yarinya za ta karɓa. Ta ce, "Anti, yaya mai gado biyu?" Kafin in ankara bakina ya ce da sauƙi. Ta yi ƙasa da kai, ta ɗan juya takardar a hannunta, sannan a hankali ta ce, "Anti, jininsa nawa? Kuma sirinjin nan zai kai ƙarfe nawa?" Na ajiye jakata muka koma bakin gado.