Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shafi Ɗaya Kowace Safiya, Daga Damagaram Zuwa Agadas

A makon jiya mun tsaya ne a inda na ajiye aikin rubuta allunan shaguna da zanen bayan manyan motoci a Kano, na ƙudurta zan shiga duniya da littafin zanena. Inna ba ta hana ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya tsare hanya. Amma kada in ji an ce ka zauna a ƙofar gidan mutane ba ka yi sallama ba."

Da hunturu na tashi. Motarmu ta bi ta Kazaure da Daura, muka tsallaka iyaka a Kongolam, muka ratsa Matamaye, sai ga mu a Damagaram. A kan iyaka ban fito da littafi ba, haka nan kusa da bariki ko shingen jami'an tsaro. Duk mai son wannan sana'a ya riƙe wannan da kyau: mutumin da ya zauna yana kallon gini yana rubuce-rubuce, a wurin mai kaki abin tuhuma ne, kuma yana da hujjarsa.

Kayana ba su da yawa. Littafin zane mai takarda mai kauri, fensir mai taushi da mai tauri, ɗan gawayi a cikin gwangwanin ashana, ƙaramin akwatin fentin ruwa, buroshi biyu, gorar ruwa, tsumma, da 'yar kujerar tsugunno da na ɗaure a jikin jaka. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce shafi ɗaya kowace safiya, ko jiki yana so ko ba ya so. In an idar da sallar asuba na sha shayi a teburin mai shayi, sai in nemi gindin katanga in zauna kafin rana ta ɗaga. A wannan lokaci hasken yana zuwa ne daga gefe, duk wani tudu da kwari da ke jikin bango sai ya fito da inuwarsa. Da hantsi ya yi, rana ta hau sama, bangon sai ya baje ya koma launi ɗaya, babu abin da ido zai kama. Sai kuma bayan la'asar hasken ya dawo ta ɗaya gefen, ya fi na safe ja.

Damagaram gari ne da ke saka wa mai zane da alheri. Unguwar Birni tana zaune ne a tsakanin manyan duwatsu, gidaje sun jingina da su, lunguna suna kewaye su. A nan fadar Sarki take, da ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimu a tsakiyar ƙarni na 19. Garin ne ma hedikwatar mulkin Faransa a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Amma ni abin da ya riƙe ni shi ne fuskar zaurukan Birni da na Zango: zankwaye a kusurwar soro, dagi da sauran ado da magini ya tayar da hannu tun ƙasa tana ɗanya, indararo ya leƙo daga sama. Wanda ya ɗauki hoto yakan wuce cikin ƙiftawar ido. Wanda zai zana dagi kuwa dole ya bi zaren da ido, ya ga inda ya hau da inda ya nutse, har ya gane ta ina magini ya soma. Sa'a guda a gaban bango ɗaya tana nuna maka inda aka yi sabon yaɓe, da inda ruwan damina ya zaizaye, da inda aka toshe tsohuwar taga da siminti.

Hunturu kuwa ba ya raga wa fentin ruwa. Iskar ta bushe ƙarau, kafin ka ja buroshi daga wannan gefen takarda zuwa wancan, farkon ya riga ya bushe ya bar maka layi a tsakiyar sararin sama. Ga ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti. Dabarata ita ce in jiƙa takardar tukuna, in dama launi mai yawa tun kafin in fara, in kuma ɗiga ɗan zuma a ruwan, don zuma tana riƙe laima. Sararin sama na hazo ba shuɗi ba ne. Ruwan toka ne da ɗan ruwan ƙasa a ciki, kuma abin da ke nesa yakan dushe har ya kusa ɓacewa. Mai zanen da ya shafa shuɗi a sama a watan Janairu, daga kansa ya ɗauko, ba daga abin da ke gabansa ba.

A can ne kuma na daina dogara da akwatin fenti kaɗai. Launin bangon Birni babu shi a cikin akwatin. Sai na riƙa ɗibar jar ƙasa daga gindin katangar da ta zube, in niƙa ta da bayan cokali, in tace da ƙyalle, in haɗa da ƙaro da na jiƙa tun dare. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, duk almajirin da ya taɓa dafa tawadar allo ya san ƙaro ne ke sa ta kama. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne sanin cewa fentin ruwan da ake kawo mana daga Turai da tsada, da ƙaro ake haɗa shi, irin wanda ake tsinka a jikin ɗakwara a Sudan da Chadi da Nijar da arewacin Najeriya.

Sai maganar mutane. Da zarar ka zauna yara za su kewaye ka, wani har numfashinsa yana sauka a wuyanka. Ba na korarsu. Manya kuwa tambayarsu ɗaya ce: "Malam, lafiya? Gwamnati ce ta aiko ka?" Saboda haka nake fara neman mai gida ko mai unguwa, in gaishe shi, in buɗe masa littafin ya duba da kansa. Akwai kuma masu ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini, kuma ban taɓa ɗaukar wannan da wasa ba, don ni ma a gidan da ake wannan magana na tashi. Ba na zana fuskar wanda bai yarda ba. Ba na fuskantar ƙofar da mata ke shige da fice. In ina son a ga girman gini, nakan sa mutum daga nesa, riga da rawani kawai, babu ido babu hanci.

Daga Damagaram na hau motar Agadas, ta Tanut da Adarbisinat, tafiyar sama da kilomita 400, itatuwa suna raguwa har suka koma ƙaya da yashi. Tun daga nesa hasumiyar babban masallaci ke fara bayyana. An gina masallacin a 1515, aka sake ginin hasumiyar a 1844, tsayinta mita 27, dukanta ginin ƙasa ce. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim kuma yake jin Hausa, ya iso garin a 1850, hasumiyar tana da shekara shida, ya kuma zana garin a littafinsa na tafiya. Har yanzu ana nuna wa baƙi gidan da ya sauka. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Wata safiya ina zaune ina zana hasumiyar, wani dattijo ya tsaya a kaina ya daɗe bai ce komai ba. Da na gaishe shi sai ya nuna itatuwan da suka fito daga jikin ginin.

"Ɗana, ka san amfanin waɗannan?"

Na ce, "Baba, sai ka faɗa mini."

Ya ce shi magini ne, ubansa ma magini. Itatuwan nan suna ɗaure ginin ta ciki, kuma su ne matakalar da ake takawa in za a yi sabon yaɓe. Ya sa na lura da yadda hasumiyar take da faɗi a gindi tana tsukewa tana hawa, don ƙasa ba ta ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta. Ya nuna mini gefen da iska da ruwa suka fi duka, inda kusurwa ta lashe ta yi laushi. Ya ce, "Ginin ƙasa kamar jariri yake, in ka daina taɓa shi ya lalace." Daga nan ya ja tabarma ya zauna kusa da ni, aka kawo shayin Buzaye, muka sha zagaye uku ina zane yana kallo. In na ja layi daidai sai ya gyaɗa kai.

Shafin da na yi a ranar ya bambanta da duk na baya. Na zana itatuwan a jere yadda ƙafar mutum za ta iya bi, na bar inuwar kowanne ta faɗi a jikin bango, na shafa launin da na haɗa da ƙasar unguwar. A ƙasan shafin na rubuta abin da dattijon ya faɗa, kuma tun daga ranar nake rubuta maganar mutanen wuri a gefen kowane zane: sunan unguwa, wanda ya gina in an sani, da shekarar da aka yi yaɓen ƙarshe. Da yawa daga cikin gidajen da na zana a Kano da Zariya yau bulo da kwano ne a gurbinsu, kuma jikokin masu gidajen sukan zo su roƙe ni in buɗe musu littafi.

Kafin in bar Agadas dattijon ya haɗa ni da wani ƙaninsa mai raƙuma da zai nufi duwatsun Abzin. Yadda muka yi da shi, da yadda ake zane a inda ruwan sha ma a ƙidaye yake, sai a kashi na gaba in Allah ya kai mu.