Damina da injin fasa dutse

Duk mai aiki a wurin fasa dutse ya san damina ce ke tona asirin inji. Garin dutse na jiƙewa sai ya dunƙule ya toshe ramukan rariyar girgiza, wadda ke ware tsakuwa gwargwadon girmanta, musamman ta ƙasa mai ramukan milimita 5. Daga nan garin ya riƙa bin tsakuwa mai girman rabin inci, tifa ta kai wa magini tsakuwa mai datti, siminti ya ƙi kama ta yadda ya kamata. A tace jar ƙasa tun kafin dutse ya shiga inji, a riƙa tsayawa ana share rariyar.

Injin muƙamuƙi, wato mai matse manyan duwatsu ya fasa su, mai bakin milimita 600 da 900 kuwa, kada a zuba masa dutsen da ya wuce milimita 500. Idan ya maƙale, don Allah kada kowa ya zura rodi inji na juyawa. A kashe wuta, a kulle makunnin tukuna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne togul, farantin nan na bayan muƙamuƙi. Da gangan aka yi shi mai rauni, domin ya karye idan haƙorin bokitin eskabeta ya faɗa ciki. Sai wani ya maye gurbinsa da ƙarfe mai kauri wai don ya daɗe, ranar da ƙarfe ya sake faɗawa kuma shaf da boris su tafi. Maganaɗisu mai tsince ƙarfe a saman bel ɗin da ke kai dutse ya fi wannan asarar araha nesa ba kusa ba.

Haƙoran muƙamuƙin ta ƙasa suke fara cinyewa, a juya su kafin a sayi sababbi.